Yadda Pan Sadru Mai Kwaɗi Ya Nemi Yin Ibada Ba da Saninsa Ba

Matan da suka fita ɗebo ruwa da asuba su suka fara ganinsa, kuma ba fuskarsa suka fara gani ba. Pan Sadru mai kwaɗi, dattijo ɗan shekara sittin da takwas, yana maƙale a reshen bila, wata bishiya mai ƙaya da ake hadaya da ganyenta, wadda ta sunkuya a kan tafkin haikali. Ya rungume reshen hannu biyu ƙafa biyu kamar ɗan biri a jikin uwarsa. Zaninsa kuwa yana can sama da shi, ƙaya ta riƙe, iska tana kaɗa shi kamar tuta. A gindin bishiyar ga Kwamanda, farin namijin dinyar maƙwabcinsa Regog, ya miƙe wuya yana kai gauro yana kai mari.

Matan suka juya baya don kunya, amma ba wadda ta tafi.

Jero Mangku, mai kula da haikalin, ya fito da turaren tsinke a hannu. Ya ɗaga kai, ya yi maza ya sauke.

"Pan Sadru, an tashi lafiya? Me ake yi a sama?"

"Ranka ya daɗe, ni ma ban sani ba. Tsautsayi ne. Naman daji ne ya koro ni."

Jero Mangku ya dubi dinyar, dinyar ta dube shi.

Pan Sadru ya rage murya. "Jero, don girmanka, daren jiya ne ko?"

"Daren Siwaratri kake tambaya? A'a, ai da sauran kwana..."

Nan Pan Sadru ya yi abin da har gobe ake labarinsa a ƙauyenmu. Don kada ya ji kwanakin da suka rage, sai ya saki reshe ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Ƙafafu kaɗai ba su riƙe dattijo. Ya faɗa tafki tsundum, kuma kafin kansa ya nutse ya ji sauran maganar sarai. Kwana huɗu.

Baƙo zai ce taɓin hankali ne. Mu da muke raba katanga da shi mun san ba haka ba ne. Mutumin da tunaninsa yake tafiya, sai dai tunanin ne ya hau wata hanya da ba ta ɓullewa.

Sunan da uwarsa ta raɗa masa ya ɓace tun ranar da aka haifi ɗansa Sadru. Shi ya zama Pan Sadru, wato baban Sadru, matarsa ta zama Men Sadru, maman Sadru, kamar yadda ake yi ko'ina a tsibirin Bali. Tun yana ɗan shekara sha biyu yake bin fadamun shinkafa da dare yana kamun kwaɗi. Ya fara da jiniyar ganyen kwakwa, ya koma fitilar kananzir, ya ƙare da fitilar goshi. Ba shi da mashi, ba shi da raga. Ya haska idon kwaɗo, kwaɗo ya daskare, hannu ya sauka, sai cikin kwandon gora da ke goye a bayansa. Da safe ya zauna bayan ɗakin girki ya fille kawuna, ya feɗe, ya kai wa masu dafa abinci a gari.

Sana'a ta bi jikinsa. Ko a kan busasshiyar hanya da lanƙwasassun gwiwoyi yake tafiya. Idanunsa sun ɗan fito, in ya yi fushi maƙogwaronsa ya kumbura ya sace, ya kumbura ya sace. Ba wanda ya taɓa faɗa masa da wa ya yi kama, in ka ɗebe matarsa, ita kuwa kullum sai ta faɗa.

Men Sadru 'yar guntuwar mace ce mai saurin hannu da saurin baki. Kafin ka shanye kofi ɗaya na gahawa ta saƙa 'yan faya-fayan furanni hamsin na hadaya, ta kuma faɗa maka laifinka uku. Shekara arba'in da huɗu suka yi tare, kuma gaskiya zaman lafiya suka yi, in ban da rana ɗaya a kowace shekara.

Ranar kuwa ba ta kuskurewa. Tsakiyar damina, wata na bakwai, jajiberin mutuwar wata, ranar da duk gari ke wanke fararen kaya don daren Siwaratri, daren ibadar Ubangiji Siwa. Da fitowar rana Men Sadru za ta tono rigima. Wata shekara ta ce ya yi mata kallon raini a mafarki. Wata shekara ta ce kakansa ya taɓa cin mutuncin gwaggonta a kasuwa, alhali lokacin ba a haifi ko ɗayansu ba. Akwai shekarar da ta rasa abin cewa, sai ta ce numfashinsa ne ya cika ƙara. Shi kuma mutum ne mai zuciya. Maƙogwaro ya kumbura, ya rantse ba zai ci abincinta ba, ba zai sha ruwan randarta ba, ba zai ƙara ce mata uffan ba. Tunda kunya ba za ta bar shi ya ci a gidan wani a ce matarsa ta hana shi ba, sai ya wuni da yunwa, baki a ɗaure, ko gaisuwar mutane ba ya amsawa.

Mai aikin dare da rana yake barci. To ranar ce Men Sadru take wanke tabarmarsa. In ya kwanta a dandamali ta jawo turmi kusa da kunnensa ta hau dakan shinkafa. In ya koma rumfar baya ya tarar ta ɗaure zakaran maƙwabta a ƙarƙashin gado.

Da magariba mutane su nufi haikali da fararen kaya, shi ya saɓi kwando ya nufi fadama a fusace. Duk shekara babu dare mai duhun wannan, kuma babu daren da kwaɗi ke fitowa kamarsa. Har taka su kake yi. Yakan kama har hannunsa ya sage, yana jefawa ta bayan kafaɗa, yana mamakin yadda yunwa ke ƙara masa ƙarfi, don ko kaɗan ba ya jin nauyin kwandon. Gari ya waye ya sauke, ya tarar babu komai sai ɓula a gindi.

"Ɓeraye ne," in ji Men Sadru, tana dawowa daga wankan teku da gashi a jiƙe. "Ungo, ci. Na yafe maka."

Ya ci, ya manta da wa ya yi wa wani laifi. Sai ta sa shi gyaran jinka ko yasar rijiya har faɗuwar rana, sannan ta shimfiɗa masa tabarmar da ta bushe.

Kan ɓerayen nan ba ƙaramin yaƙi ya yi ba. Akwai lokacin da kyanwa tara yake ciyarwa, ƙosassu, masu sheƙi, ba wadda ta taɓa kawo masa ko jelar ɓera.

Shekara huɗu ke nan da Men Sadru ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ranar ƙarshe yana zaune a bakin gado, ya rasa abin yi da hannuwansa, sai ta buɗe ido ta ƙare masa kallo.

"Tsoho, ni zan riga ka. In lokaci ya yi zan dawo cikin jikokin gidan nan kamar kowa. Kai ma ka dawo ta ƙofa, da ƙafa biyu. Kada in ji ka a bayan ɗaki kana kuka cikin ruwa."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Shi bai yi ba.

Aka ƙona gawa, aka kai toka teku, aka yi duk abin da ake yi. Maganar ta zauna masa a ƙirji. Kowa ya san mamaci yana dawowa cikin zuri'arsa, kuma kowa ya san wanda kayansa suka yi nauyi ƙasa yake yi, ya dawo a abin da ba ya gaisawa da mutane. Mutumin da ya yi shekara hamsin da 'yan kai yana fille kan kwaɗi ba sai an nemo masa mai duba ba. Ya rataye kwando a ɗakin girki, ya daina fita. In ya bi ta bakin fadama ya ga kwaɗo zaune a kan kunya yana kallonsa, sai ya ga kamar matsa masa wuri yake yi. Ba wuta yake tsoro ba, ba wahala ba. Tsoronsa ɗaya ne: ita ta dawo 'yar jaririya a tsakar gidansu ana yi mata wasa, shi yana bayan katanga cikin kwata, har wani jikan nasa ya zo ya haske masa ido.

Siwaratri na farko bayan rasuwarta ya ari farar riga ya shiga haikali, karo na farko a wannan dare. Ya zauna can baya kusa da Regog, wanda tun ba a gama waƙar farko ba kansa ya fara lilo, matarsa Rempi tana zungurarsa da gwiwar hannu.

Tsakar dare Jero Mangku ya ba da labarin da yara ma suka haddace, amma Pan Sadru bai taɓa zama ya ji ba. Wani maharbi, wanda duk rayuwarsa kisa ce, ya wuni a daji bai samu komai ba, bai ci komai ba. Dare ya rutsa da shi, ya hau bishiyar bila a bakin tafki don tsoron damisa. Don kada barci ya kwashe shi ya faɗo, sai ya riƙa tsinkar ganye ɗaya bayan ɗaya yana saki cikin ruwa har gari ya waye. Ashe dutsen Siwa ne a ƙarƙashin ruwan, ashe kuma daren ne Ubangiji Siwa ke zaune cikin zurfin tunani. Da maharbin ya mutu aka zo jan sa zuwa azaba, sai Siwa ya aiko a ce a sakar masa abokin kwanan zaune.

"Abin da ake nufi," in ji Jero Mangku, "ba wai dare ɗaya yana goge laifi kamar yadda ake goge allo ba. Yawancinmu barci muke yi da ido a buɗe. Azumin nan, da shirun nan, da kwanan zaunen nan, don mutum ya farka ne ya ga kansa."

Hannun Pan Sadru ya ɗagu daga baya.

"Ranka ya daɗe, maharbin nan ya san ibada yake yi?"

"Bai sani ba."

"Mu kuma da muke zaune a nan mun sani."

"Mun sani mana."

"An taɓa jin labarin wani cikinmu da aka aiko a karɓe shi?"

Jero Mangku ya yi bayani mai tsawo, mai kyau, har wata tsohuwa ta share hawaye. Pan Sadru bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya riga ya samu abin da ya zo nema. Sirrin yana cikin rashin sani. Duk waɗannan masu fararen kaya wahalar banza suke yi, tunda da gangan suka zo. Mai kisa irinsa, in yana son a karɓe shi, dole ya yi azumi da kwanan zaune a daren Siwaratri ba tare da ya san yana yi ba.

Shekara ta biyu ya ɗauki matakin mantuwa. Ya cire kalanda daga bango ya cusa a murhu. Ya hana ɗansa da surukarsa ambaton kwanan wata a gabansa, ya toshe kunne da auduga don kada ya ji sanarwar gangar katako. Sai dai mutumin da ya yi rayuwarsa yana fakon duhu ba ya iya manta wata. Ko fitsari ya fito yi, ido ya ɗago da kansa, ciki ya ce masa saura kwana shida. Ya koma tafiya da malafa a kife har hanci, ya yi karo da saniya. Daren ya zo, ya kwana zaune a ɗaki ido biyu, ciki wayam, yana sane sarai, yana jin haushin kansa. Da safe ya ce wannan ba ta shiga ba.

Shekara ta uku ma haka ta tafi. Sai a ta huɗu ya gane inda kuskuren yake. Maharbi ba mantuwa ya yi ba, koro shi aka yi. Damisa kuwa ta ƙare a tsibirin tun zamanin kakanni. Abin da ya fi kusa da ita a ƙauyenmu shi ne Kwamanda, wanda ya taɓa korar mai kawo wasiƙa daga kan babur. Ga shi farar dinya ba a dukanta, tsuntsu ne mai alfarma, sai dai ka gudu.

Ya sami Regog a rumfarsa yana shafa zakara.

"Ƙanena, taimako nake nema. Cikin watan nan, duk daren da ka ga dama, in na fito zagayawa, ka buɗe wa Kwamanda. Kada ka faɗa min yaushe. Amma ka tabbata daren nan yana ciki."

"Wane dare, Yaya?"

"Ka sani, na sani. Ni dai ba na son in sani."

"To in ba ka san ranar ba, azumin fa?"

"Na daina cin abincin rana gaba ɗaya. Sai in na ga gari ya waye lafiya."

Regog mutum ne da bai taɓa ƙin taimakon maƙwabci ba, in dai taimakon zai ba shi dariya. Dare goma sha ɗaya ya buɗe akurki. Dare goma sha ɗaya muna kwance muna jin gudu ta bayan katanga, fat fat fat, da hucin dinya, da muryar dattijo yana cewa, "Ban sani ba, ban sani ba," har bakin tafki. Ya hau bila, ƙaya ta yi masa zane, ya kwana yana tsinkar ganye. Ɓangare guda na bishiyar ya zama sanƙo, har mata suka fara ƙorafin ba za a samu na hadaya ba. Shi ya rame, idanun suka ƙara fitowa. Dare na sha ɗaya shi ne wanda ya ƙare da zani a sama, mai zani a ruwa.

Faɗawar nan ta jawo masa asara biyu. Ta farko, ya ji kwanan wata da kunnensa daga bakin Jero Mangku, babu sauran zancen rashin sani. Ta biyu, da Kwamanda ya gan shi yana iyo a tafki, sai ya shigo ruwan ya zagaya shi sau biyu, ya yanke hukuncin ɗan'uwa ne. Tun daga ranar ko an buɗe akurki sai dai ya bi shi a baya kamar kare.

Daren Siwaratri ya zo. Haikali ya cika, ƙamshin turare har bakin hanya, ana jin waƙar tsofaffi tana tashi tana sauka. Pan Sadru bai shiga ba. Ya zauna a gindin bila cikin duhu, Kwamanda ya kwanta a gefensa ya ɗora wuya a cinyarsa. Kwaɗi sun cika duniya da kuka. Yana sauraro, yana ƙoƙarin gane ko akwai abin da suke cewa, tunda dai yaren da zai koya ne.

Wajen tsakar dare Rempi matar Regog ta fito miƙe ƙafa. Ita ce babbar ƙawar marigayiya, tare suke saƙar faya-fayai tun suna amare. Ta tsaya a kansa da 'yar fitila.

"Yaya, ka ɗaura zanin da kyau yau?"

"Tafi ki tashi mijinki, Rempi."

"Na bar shi jingine da ginshiƙi yana barci, sai safe." Ta zauna a kan saiwa, ta yi ajiyar zuciya. "Na yi wa Yaya Men Sadru alkawarin ba zan faɗa ba. Na riƙe shekara arba'in da takwas. Amma abin da na gani ran nan a kan bishiyar nan, ba zan iya sake ganinsa baɗi ba. Ina da hawan jini."

"Faɗi abin da ya kawo ki."

"Kakanka bai taɓa cin mutuncin gwaggonta ba. Ba ta ma da gwaggo."

Ya juyo.

"Tare muke zama mu ƙirƙiro rigimar, tun saura mako. Ta numfashi ni na kawo ta. Ta san in ta ce ka yi azumi za ka ce ita wa. In ta ɓata maka rai kuwa, ba ci, ba sha, ba magana, har gari ya waye. Zakaran da ake ɗaure maka a ƙarƙashin gado namu ne."

Maƙogwaron Pan Sadru ya kumbura, bai sace ba.

"Ɓerayen fa?"

"Ga ɗaya zaune a gabanka. Ɗayar ta rasu. Mukan zare tsinke shida daga gindin kwandon, mu shimfiɗa ganyen bila ɗari da takwas a kai, ƙirgagge, ita ta ƙirga ni in sake ƙirgawa. Kana tafiya kwaɗon farko yana tura ganye, ganye yana faɗawa ruwa, ɗaya bayan ɗaya, kwaɗi suna bi. Ba ka taɓa kashe ko ɗaya a daren nan ba. Tun shekarar da aka kawo ta gidanku ta ji labarin maharbin ta ce, wannan ai mijina ne, bishiya kawai ya rasa."

"Kyanwa tara na ciyar, Rempi."

"Mun sani. Mu ma abin ya dame mu."

Pan Sadru ya girgiza kai. Kwamanda ya ɗago wuya ya dube shi, ya mayar.

"To me ya sa ta ce min kada in dawo ina kuka a bayan ɗaki?"

"Tsokana ce, Yaya. Shekara arba'in da huɗu kana zaune da ita ba ka san tsokanarta ba? Matar da ta gama maka aiki tun tuni, ba za ta ɗan ja ka ba kafin ta tafi?"

Pan Sadru ya goge fuska da gefen zani, ya ce hayaƙin turare ne, alhali turaren yana can cikin haikali. Ya miƙe ya tsinki ganyen bila daga ɓangaren da ya rage, yana ƙirgawa a hankali, Rempi tana sake ƙirgawa. Ya je gida ya sauko da kwandon daga inda ya rataye shi shekara huɗu. Ya juya gindinsa a hasken fitila. Ga wurin nan, tsinke shida da launinsu ya bambanta da sauran, an saƙa an zare, an saƙa an zare. Ya zare su da hannunsa, ya jera ganye, ya goya.

Wanda duk ya leƙo daga katangar haikali a sauran daren ya ga fitila ɗaya tana yawo a fadama, farin abu yana bin ta a baya. Hannu ya sauka, kwaɗo ya tashi sama ya faɗa kwando, jim kaɗan ka ji tsulum a ruwa. Akwai wani ƙaton kwaɗo mai tabo a ka da Pan Sadru ya ce sau huɗu yana kama shi, a na huɗun ma bai yi wahalar gudu ba.

Da gari ya waye jama'a suka fito za su gangara teku wanka. Suka ci karo da shi a bakin hanya, taɓo har gwiwa, kwando wayam, fuska a sake kamar wanda ya ci ya ƙoshi. Rempi ta riga ta ba da labari a layin mata, ya tsallaka layin maza. Jero Mangku ya tsaya ya dube shi.

"Pan Sadru, na jiya fa? Da sani ko ba da sani ba?"

"Da sani, ranka ya daɗe. Na rashin sani ina da arba'in da huɗu a ajiye. Wannan rakiya ce kawai."

Jero Mangku ya buɗe baki zai yi bayani, ya tuna wancan bayanin, ya yayyafa masa ruwan tsarki ya wuce.

Regog ne ya zo ƙarshe, yana hamma, shatin ginshiƙi kwance a kumatunsa. Ya leƙa kwandon, ya leƙa fuskar mai kwandon.

"Yaya, ni fa ina tausaya maka. Dare arba'in da huɗu ka saki kwaɗi, sauran dararen shekara fa? Kuma yanzu da aka faɗa maka, ai ka sani, duk sun lalace. In ni ne kai, gara in fara koyon tsalle tun gwiwa tana da sauran ƙarfi."

Mutane suka rage tafiya don su ji. Pan Sadru ya gyara goyon kwandonsa, ya ƙare wa shatin ginshiƙin kallo.

"Ba komai, ƙanena. In na dawo mutum, na gode wa matata. In kuma na dawo kwaɗo, na riga na zaɓi wuri: kwatar da ke ƙarƙashin tagar ɗakinka. Shekara arba'in Rempi tana zungurarka ba ka ga tsakar dare ba ko sau ɗaya. Ni zan sa ka kwanan zaune kullum, kuma ba da niyyarka ba. Ka ga kai ma ka tsira."